Tawadar da Ba Ta Ga Wuta Ba

Ƙusoshi masu tsatsa na fita nema ranar, ba wani abu ba. Ruwan sama ya ɗauke bayan la'asar, na leƙa kwalbar da nake jiƙa ƙarfe a ciki na ga ta kusa ƙafewa, sai na ɗauki kwandona na ce wa Baba zan je bayan tsohon injin katako in dawo.

"Yanzu?" ya ce. "Rana ta tafi fa, Uwata."

"Kai da ba ka ganinta, wa ya faɗa maka?"

"Bayana ya faɗa min. Ya daina jin ɗumi."

Na yi dariya, na gyara masa bargo a gwiwa, na ja ƙofa.

Sana'ata haɗa tawada ce, kuma a hannun Baba na koya. Ba irin ta kanti ba, irin wadda ake tsinto kayanta a jeji da gefen hanya da bayan gidajen mutane. Ɓawon albasa yana ba ni rawaya. Ɓawon rumman in ya gamu da ruwan tsatsa sai ya koma toka mai duhu. 'Ya'yan bagaruwa su ne na baƙi. A dafa, a tace da ƙyalle, a narka ƙaro a ciki don ta kama takarda, a jefa kanumfari don kada ta yi fumfuna. Masu zane da masu rubutun ado su ke zuwa saye, kowa da kwalbarsa da ƙorafinsa.

Doka ɗaya Baba yake da ita, ya kuma maimaita ta har na daina jinta. Tawada sai ta ga wuta. Yakan ce duk abin da ka tsinto a waje yana da masu shi tun kafin ka zo, tafasa ce ke raba shi da su ya zama naka. Ni kuwa na ɗauke ta irin maganar tsofaffi da ake cewa to, a wuce.

Mu biyu ne a gidan, ɗaki biyu a ƙarshen wani dogon lungu. Inna ta daɗe da rasuwa. Yayana yana can nesa, sai ya tuna da mu yake bugo waya, kuma ba mai yawan tunawa ba ne. Ni na yi aure na fito, ba ɗa ba jika. Yanar ido ta rufe wa Baba gani, amma Allah ya bar masa kunne, kuma da kunnen nan muke rayuwa. Yana zaune a kujerarsa bakin taga zai ji tafasar tukunya ya ce min ta isa. Kullum da yamma sai ya tambaya, "Wane launi yau?" In faɗa masa, ya kushe, in rama, mu yi ta musu har abinci ya huce. In ba don muryarsa ba, akwai ranakun da ba na buɗe baki da kowa.

Kowane mai haɗa tawada yana da abin da yake gwada sabon haɗi da shi. Wani layi yake ja, wani sunansa yake rubutawa. Ni fuskar Baba nake zanawa, tun ina yarinya. Kuma kullum da kunnuwa nake farawa, don manya ne masha Allah, a baje suke kamar hannun tukunya, na hagun da 'yar tsaga a sama inda waya ta yanke shi yana ƙarami. Bangon ɗakin aikina cike yake da Baba: Baba ja, Baba rawaya, Baba ruwan ƙasa, Baba kore da ya kusa kama da kwaɗo. Hannuna ya haddace shi, ko idona a rufe zan zana.

Abu ɗaya ne ya gagare ni. Baƙina ba ya zama baƙi. Ranar farko ka ce gawayi, bayan 'yan watanni ya koma ruwan shayi. Wani mai rubutun ado ya taɓa ɗaga takarda a gabana ya ce, "Baiwar Allah, baƙinki yana tsufa kafin mai shi." Na yi masa dariya, amma maganar ta tsaya min a rai. Ina son baƙi na gaske, kuma na daɗe ina so.

Hanyar injin katako ta bi ta ƙarƙashin gada, ta wuce garejin makanikai, daga nan gidaje suke ƙarewa. Makanikan sun rufe. Ba kowa sai ni da ƙarar takalmina a cikin taɓo. An daɗe da daina aiki a injin, rufinsa ya rufta gefe guda, ciyawa ta shiga har cikin ofis. A bayansa akwai tarin tsofaffin katakai da nake zare ƙusoshi, gefensa kuma wani ƙaton tulin dusar katako da ya ruɓe ya yi baƙi.

Na durƙusa ina zare ƙusa. Wari ya fara iso min. Ba warin ruɓaɓɓen itace da na sani ba, wani ƙarni ne mai sanyi, irin na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba.

Sai na ji ɗis. Ɗis. Ɗis.

Na ɗaga kai. Ruwa ya daɗe da ɗaukewa, kuma ba rufi a wurin.

Kan tulin dusar, lemar kwaɗi ce ta fito jingim, dogaye, farare, kawunansu a rufe kamar yatsu. Wasu sun buɗe, kuma gefensu yana narkewa. Daga bakin kowace lema wani ruwa yake ɗiga, baƙi wuluk. Na matsa na tara ɗan yatsa, na goga a bayan hannuna. Ban taɓa ganin baƙi irinsa ba. Ba ja a ƙarƙashinsa, ba shuɗi, ba ƙasa-ƙasa, baƙi ne kawai har ƙarshe.

Zuciyata ta buga don murna. Abin nema ya samu.

A lokacin na lura da mutum. Yana tsugune can gefen tulin, ya ba ni baya, da wata malfa mai faɗi da ta rufe shi har kafaɗa. Na ɗauka mai gadi ne.

"Salamu alaikum."

Shiru.

"Sannu da hutawa, bawan Allah."

Ko motsi bai yi ba. Na taka itace ya karye ƙas, bai juyo ba. Na ce a raina kurma ne, Allah sarki. Na zagaya ta gabansa don ya gan ni, kada a ce na yi sata. Sai da inuwata ta faɗa kansa malfar ta ɗan ɗaga. Ban ga fuska ba, duhu ne a ƙarƙashi. Amma na ji ana kallon bakina.

Na nuna lemar, na nuna kwandona.

"Ɗebi," ya ce. Muryar ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin dusar take fitowa. "Mai zane ce ke."

Na gyaɗa kai. Ban tambayi yadda ya sani ba, hannuwana kaɗai sun isa su tona ni.

"Ba ta son wuta," ya ce. "Wuta na kashe ta. A bar ta ta narke da kanta."

Na ciro babbar kwalba daga kwandon, na cika ta da su. Sanyinsu ya ratsa yatsuna har gwiwar hannu. Da na miƙe na yi masa godiya, malfar ta riga ta sunkuya, gefenta yana ɗiga kan gwiwoyinsa. Na ce ruwan sama ne ya jiƙa ta. Na kama hanya da sauri, ana kiran sallar magariba can nesa.

Ban faɗa wa Baba ba. Na san abin da zai ce, kuma ba na son ji. Na tura kwalbar ƙarƙashin tebur na rufe da tsumma.

"Me kika shigo da shi?" ya ce, yana shan hanci. "Ɗakin nan ya yi ƙarnin rijiya."

"Taɓo ne a takalmina."

"Taɓo." Ya sake shan hanci. "To, Allah ya sa taɓon ne."

Kafin gari ya waye ba sauran lema ko ɗaya a kwalbar, duk sun zama ruwa. Na tace da ƙyalle, ba ko tsaki. Na ɗora tukunya a risho don sabo, har na ɗauki ashana, sai maganar mai malfa ta dawo min. In wuta ta kashe baƙin fa? In sake komawa ruwan shayi? Na ajiye ashanar. Na narka ƙaro a ruwan sanyi na zuba, na jefa kanumfari, na girgiza. Duk yinin ina wasu ayyuka ina satar kallonta, sai bayan la'asar na samu zama.

Baba yana kujerarsa, yana ba ni labarin da ya ba ni sau ba adadi, na ranar da ya fara ganin Inna. Ina amsa masa da "uhm" ina fere alƙalamin gora. Na jawo guntuwar takarda, na tsoma. Ban yi tunanin komai ba. Sabo turken wawa.

Kunnen dama. Tawadar ta bi alƙalami sumul, kamar ta san hanya.

"Sai ta juyo ta ce min..." Baba ya tsaya. "Kin kashe rediyon maƙwabta ne?"

"Ni da rediyon mutane?"

Kunnen hagu. 'Yar tsagar nan ta sama.

Labarin ya yanke.

"Sai ta ce maka me?" na ce, ina sha'awar baƙin da ke ƙyalli a takarda. "Ƙarasa mana, ko yau ka manta?"

Bai amsa ba.

"Baba?"

Na juya. Yana zaune a miƙe, ya ɗaga kai yana juya shi hagu da dama. Bakinsa a buɗe.

"Uwata," ya kira da ƙarfi, ƙarfin da bai taɓa kirana da shi ba. "Uwata! Kin fita ne?"

"Ga ni, Baba. Ga ni a gabanka."

"Uwata!"

Na kama kafaɗarsa, ya zabura. Na sa baki a kunnensa na yi ihu. Ko ƙifta ido bai yi ba. Kunnen ya yi sanyi ƙalau, kuma daga cikinsa wani siririn baƙin ruwa ya gangaro kan wuyan rigarsa.

Ya lalubo hannuna, ya kai hancinsa, ya shaƙa. Na ga fuskarsa ta sauya.

"Ba ta ga wuta ba," ya ce. Ba tambaya ba ce. "Me kika zana da ita? A'a, kar ki faɗa, ba zan ji ba. Na sani."

Na koma tebur a guje. Tawadar ba ta bushe ba. Kunnuwa biyu suna ƙyalli a farar takarda, kuma daga ƙasan na dama wani layi ya fito wanda ban ja ba. Yana tafiya a hankali, a hankali, yana lanƙwasa ta inda muƙamuƙin Baba yake lanƙwasa.

Zanen yana ƙarasa kansa.

Na ƙyasta ashana na kai gefen takardar. Baba ya ƙwalla ƙara ya dafe kunci. Na yar da ashanar na take. Na ɗebo ruwa zan wanke, ɗigo ɗaya ya taɓa takardar, ya fara tari kamar wanda ya shaƙe.

"Kar ki ƙona, kar ki yaga!" Yana magana da ƙarfi cikin iska, ba ta inda nake ba. "Mayar musu da kayansu. Inda kika ɗebo. Maza, kafin ya kai baki."

Na durƙusa na riƙe gwiwoyinsa. Tsoro ya cika ni, da kunya, da wani baƙin ciki da ban san inda zan sa shi ba. Shi kaɗai gare ni a duniya.

Ya shafa kaina. "Tashi. Kuka ba ya tace tawada."

Na soke alƙalamin a ɗankwalina yadda na saba, na ɗauki kwalbar a hannu ɗaya, takardar a shimfiɗe a ɗaya hannun, na fita.

Rana ta yi ja. Ƙarƙashin gada duhu ya riga ya shiga. Ina tafiya ina kallon takardar. Layin ya kai haɓa. Ya fara hawa ɗaya gefen.

Na wuce gareji. Wani kare ya taso zai yi haushi, ya shaƙi iska, ya koma ƙarƙashin mota yana kuka.

Ƙarnin ya tare ni tun daga bakin shinge.

Ɗis. Ɗis.

Yana nan inda na bar shi, ya ba ni baya. Na tsaya nesa, ina takawa a hankali. Ban yi sallama ba.

Malfar ta juyo.

"Na ji tafiyarki tun daga gada," ya ce. "Na ji kare. Na ji numfashinki. Ashe haka duniya take da surutu."

Na miƙa kwalbar gaba.

"Ga kayanku," na ce. Muryata ta fito kamar ta wata. Na ajiye kwalbar a kan dusa. "Na dawo da ita. Don Allah ku sakar min mahaifina."

"Kin fara."

"Ban sani ba."

"Kin sani. Kin ajiye ashana." Ya matso ba tare da ya miƙe ba. "Abin da tawadarmu ta kama namu ne. Ko ki ƙarasa, ko ta ƙarasa. Naki ya fi kyau. Hannunki ya san shi."

Na duba takardar. Da'irar fuska ta haɗe. A tsakiya fari fat. Wani ɗan ɗigo ya fara taruwa inda leɓen Baba zai zauna.

Hannuna ya tafi ɗankwali da kansa. Ya zaro alƙalami. Ya tsoma a kwalba.

Na durƙusa, takardar a cinyata. Yatsuna sun san abin da za su yi: girar nan mai kauri, hancin nan, 'yar dariyar gefen baki. Na ji suna ja.

"Yauwa," ya ce. "Bakin tukuna. Ina son muryarsa."

Sai na tuna ranar da Baba ya fara ba ni alƙalami. Na zana masa kaza daga ka, ya buge min hannu. Ya ce mai zane ba ya zana abin da ke cikin kansa, abin da ke gabansa yake zanawa. Ɗaga ido ki duba, hannu bawan ido ne.

Shekara da shekaru ban dubi Baba ba in zan zana shi. Haddar ce kawai.

Na ɗaga ido.

Yana daf da ni. Daga ƙasa nake kallonsa, har cikin malfar.

Ba malfa ba ce. A jikinsa take.

Fuskar doguwa, fara, da siraran layuka jere daga sama har ƙasa, irin na cikin lemar kwaɗi. Ramuka biyu masu ruwa. Tsaga ɗaya a ƙasa, ba leɓe.

A gefe da gefe, kunnuwa. Manya, a baje. Na hagun da 'yar tsaga a sama.

Na so in yi ihu. Na cije harshe.

Ban sauke ido ba. Na bar hannu ya bi ido.

Layi. Layi. Layi. Daga sama har ƙasa.

"Me kike yi?"

Rami ɗaya. Rami biyu.

"Wannan ba shi ba ne."

Wani abu mai sanyi ya kama min wuyan hannu. Laushi gare shi, yana murƙushewa, amma yana da ƙarfi. Na ja alƙalamin da dukan jikina, na bi ta kan ɗigon nan, na tsaga shi layi ɗaya miƙaƙƙe.

Bakin.

Ya buɗe nasa. Ba sauti, ruwa ne ya zubo.

Gefen malfar ya naɗe sama ya fara zuba. Kafaɗu suka sauka. Hannun da ya riƙe ni ya zame ta tsakanin yatsuna. Gaba ɗayansa ya zauna cikin kansa, ya baje a kan dusa, baƙi, yana wari.

Kunnuwan suna yawo a saman ruwan.

Na kai hannu.

Dusar ta motsa. Ko'ina a kan tulin fararen kawuna suka fara ɓullowa, dogaye, suna juyowa wajena. Ɗaya ta fito tsakanin gwiwoyina. Kunnuwan suka nutse ina kallo.

Na ambaci sunan Allah da ƙarfi, na tashi, na zura a guje. Takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo, ban waiwaya ba. A bayana ɗis ɗis ɗin ya zama kamar ruwan sama. Ban tsaya ba sai da na ga fitilar mai shagon bakin lungunmu.

Na tarar da Baba a kujerarsa. Na taɓa fuskarsa da hannu biyu, kunci, haɓa, baki, komai da ɗuminsa.

"Ke ce?" ya ce da ƙarfi. "Kina warin tsoro. Kin ci abinci?"

Na kwantar da kai a cinyarsa na yi kukan da ba zai ji ba.

Jinsa bai dawo ba. Na kai shi asibiti, likita ya leƙa da fitila ya ce kunnen lafiya lau, tsufa ne. Na ce to. Yayana ya bugo waya ya ce a yi haƙuri, kowa da ƙaddararsa. Na sauke hotunan bango duka na ɗaure su a akwati, kuma daga ranar layi kawai nake ja in zan gwada tawada. Duk abin da na tsinto, ko ganye ɗaya ne, sai ya tafasa ya sake tafasa. Baƙina har yanzu ruwan shayi yake komawa, wanda bai so ya je kanti.

Baba yana magana, ni ce ba ni da hanyar amsawa. Ba ya gani, ba ya ji. Da yamma yakan tambaya, "Wane launi yau?" sai in kai kwalbar hancinsa. Ya ce albasa, in matsa hannunsa sau ɗaya. Ya kushe, ba mai rama masa. Musun nan da nake ganin ya ishe ni, yanzu shi nake kewa fiye da komai. Wani lokaci ina yi masa magana ina wanke-wanke, sai in tsinci kaina ni kaɗai nake surutu a ɗaki.

Haka muka ci rani. Da ruwan farko ya sauka, ina kwashe shanya, ya kira ni.

"Uwata. Ina jin wani abu."

Na saki kayan na zo da gudu, ina kiran sunansa. Bai juyo ba.

"Ba nan ba ne," ya ce, ya karkata kai. "Ruwa ne yana ɗiga a kan dusa. Da kwaɗi."

Washegari ya ce yana jin kare yana kuka a ƙarƙashin ƙarfe. Bayan kwana biyu ya ce motoci suna wucewa ta saman kansa, sautin yana amsa kuwwa. Na san gadar. Ban matsa hannunsa ba, ban yi komai ba. Sai ya ce yana jin mai shago yana jan ƙofar shagonsa.

Jiya da magariba an yi yayyafi. Na kulle ƙofa, na sa sakata, na jingina tebur. Ina tace tukunya ina mita ni kaɗai, ina cewa ƙyallen nan ya mutu. Sai na ji Baba ya yi wata 'yar dariya da na daɗe ban ji ba.

"To ki sayi sabo mana, marowaciya."

Ƙyallen ya faɗi daga hannuna.

"Ina jin ki," ya ce a hankali, da muryarsa ta da. Hawaye yana bin kuncinsa. "Ina jin ki, Uwata. Sai dai nesa-nesa, kamar ta bayan ƙofa."

Na dubi ƙofar. Ta ƙarƙashinta ƙarnin rijiya yana shigowa. A waje, daf da katakon, ɗis. Ɗis.

Na san abin da ke tsugune a wurin, da kunnuwan Baba a kansa. Na san kuma abin da ya zo ƙarasawa. Na duba sakata, na kunna risho na ajiye kusa da ƙafata, na bar wutar tana ci.

"Yi magana mana," in ji Baba. "Wane launi yau?"

Na ja kujera har bakin ƙofar, na zauna, na kai bakina kusa da katakon.

"Ja ne, Baba," na ce. "Kuma kafin ka fara, ya fi naka kyau."